Damagaram, garin da ke zaune a kan dutse

Duk wanda zai tafi Damagaram daga Kano ta hanyar Daura shawarata ɗaya ce, ya nemi kujerar gefen taga ko da zai ɗan ƙara wa ɗan kamasho wani abu. Tafiyar ba wata mai nisa ba ce, kilomita 240 ne ko kusa da haka, tsaye-tsayen boda da sauke fasinja ne kawai ke jan ta, amma akwai abin kallo tun daga Kazaure har ka shiga gari. Ni kuma da ma sana'ata haƙar rijiyar burtsatse ce, inji nake bi ƙauye-ƙauye, to ka san mai irin aikinmu ko biki zai je idonsa na ƙasa, yana duba ina ruwa zai kwanta ina zai gudu. Bikin ne ma ya kai ni, 'yar kawuna aka aurar, cikin hunturu ana tsakiyar hazo.

Muna barin Kongolam muka shiga Ɗan Barto aka gama duba takardu, mota ta miƙa wajen Matamaye, sai ga gonaki an girbe gero tas sai kututturen kara, ƙasa ta yi fari, ciyawa ta bushe ƙayau, amma gawo ko'ina kore shar. Ba wai ɗaya nan ɗaya can ba, iya ganinka gawo ne, manya da matasa, awaki da tumaki sun taru a gindinsu suna tsintar 'ya'yan da suka zubo. Wani dattijo da ke kusa da ni ya ga na ƙura wa taga ido, na ce Baba wai wace hukuma ce ta dasa waɗannan haka da yawa? Sai ya yi dariya ya ce ɗana ba wanda ya dasa, bari aka yi. Ya ce da can in za a yi sassabe komai ake sharewa a ƙone, gona ta fito fes, iska ta zo ta kwashe ƙasa ta binne shuka, sai ka yi shuka sau biyu sau uku kafin ta kama. Bayan yunwar 1984 mutane suka dawo suna barin tohon da ke fitowa daga tsofaffin kututtura da saiwoyi, a zaɓi mai ƙarfi ɗaya ko biyu a aske sauran, shi ke nan fa, ba ban ruwa ba shinge. Sassaben zamani suke ce masa. Masu bincike sun ƙiyasta ƙasar da ta farfaɗo ta wannan hanya a Nijar ta kai hekta miliyan 5, akasari a jihohin Maraɗi da Damagaram, kuma wannan yanki na Matamaye da Magarya da Mirya yana cikin inda abin ya fi fitowa fili.

Shi gawo ai kowa ya san halinsa, bishiyar da ta saɓa wa 'yan uwanta. Da damina lokacin da kowa ke yin ganye shi zubarwa yake ya tsaya tsirara, sai kaka ta yi ya fara toho. To manomi me zai nema da ya wuce wannan? Geron da ke gindinsa ba ya rasa rana, kuma ai da hasken rana ne ganye ke haɗa abincinsa, ya ɗauki ruwa daga saiwa da iskar kabon dayoksaid daga sama ya mai da su sukari. Ga ganyen da ya zubar ya ruɓe daidai lokacin da shuka ke neman taki. Ga dabbobin da suka yini a inuwarsa duk rani sun bar kashinsu a wurin. Sannan a jikin saiwarsa akwai wasu 'yan ƙulle-ƙulle da bakteriya ke zaune ciki, su ne ke kamo naitirojin daga iska su ba bishiyar, wato sinadarin nan da muke saye da tsada a buhun yuriya. Abin da ya fi jan hankalina ni kuma saiwar tasa ce, tana nutsawa ƙasa sosai har ta taɓa ruwa, shi ya sa yake iya yin kore a lokacin da ko ɗigo ba ya sauka. Inda duk na ga gawo ya yi yawa ya yi lafiya na san ruwan ƙasa bai gagara ba. Dattijon ya ƙara da cewa ana ba da labarin tun zamanin Sarki Tanimun wanda ya sare gawo a ƙasar Damagaram hukunci mai tsanani ke hawa kansa, na ce to ashe abin da tushe.

A Matamaye aka cika mu da masu tallar rake, na saya na sha kuma wallahi ya yi zaƙi. Rake a ƙasar da ruwan samanta bai taka kara ya karya ba, ka ji abin mamaki, amma kwarurrukan korama ne sirrin. Tsofaffin hanyoyin ruwa ne da yashi ya cike, a sama ba ka ganin kogi sai tafki nan da can, amma ruwan na nan kwance a ƙarƙashi kusa-kusa, a wasu wuraren mutum zai haƙa da hannu bai kai tsayinsa biyu ba ya tarar da shi. Daga Kance zuwa Takeita ba wani abin faɗa, na ma ɗan yi gyangyaɗi. Daga Takeita aka karya gabas aka hau babban titin da ya taho daga Yamai, muka wuce Tirmini inda aka gwabza da Faransawa a 1899, daga nan ƙasa ta fara tauri, bishiyoyi suka ragu, duwatsu suka fara leƙowa. Ina ganin manyan duwatsun nan masu sulɓi an jibge wani kan wani na ce a raina to fa, an zo gidan wahala.

Gidan Kawu a Garin Malam yake. Tun daga zaure jarkoki ne jere, rawaya-rawaya, ga tulu ga randa ga duro biyu a tsakar gida duk an rufe da faifai da murfin kwano. Da na ce zan watsa ruwa sai Inna matar Kawu ta sa yaro ya kawo min rabin bokiti, ta ce yi haƙuri ɗan nan gidan biki ne, na ce Inna ai wannan ma ya yi yawa. Famfo akwai shi a gidan amma sai tsakar dare yake kawowa in ya ga dama, za ka ji 'yan mata sun tashi ana ta ƙarar bokitai har asuba. Da rana kuma 'yan garuwa ne ke yawo da kura, da amalanken shanu da na jakai ɗauke da duro. Kuma wannan fa hunturu ne, sun ce in bazara ta yi, wajen Afirilu da Mayu, kuɗin jarka ninkawa yake, wasu unguwannin da ke kan tudu sai su daɗe ba su ga ɗigo a famfo ba.

Ɗan Kawu babba taubashina ne, malamin makaranta, ilimin halittu da na ƙasa yake koyarwa a kwaleji, duk inda muka bi yara na ta kiransa Mushe Mushe, wato malam da Faransanci. Shi ya ɗauke ni a babur muka shiga Birni, muka ga fadar Sarki da ragowar ganuwar da aka yi a ƙarni na 19 da gidajen nan masu zanen ado a fuska, sannan muka hau wani dutse da ake hango gari daga kansa. Ya ce to Bakano mai injin haƙa, ga gari nan, nuna min inda za ka kafa injinka. Na ce ko kyauta aka ba ni kwangilar sai na yi tunani.

Dalili kuwa shi ne dutsen da muke tsaye a kai ba a sama kawai yake ba, shi ne shimfiɗe ƙarƙashin garin. Giranit ne, dutsen da ya narke a can cikin ƙasa ya huce a hankali ya daskare tun miliyoyin shekaru, ba shi da ƙofofin da ruwa zai shiga ya zauna. Ka zuba ruwa a kan faranti ka zuba a kan soso, to bambancin Damagaram da Matamaye ke nan. A irin wannan ƙasa wuri biyu kawai muke sa rai, ko dai ruɓaɓɓen dutsen da ke sama-sama wanda ya zama tsakuwa da yumɓu, ko kuma tsaga a cikin dutsen mai rai. In ka dace da tsaga ka samu, in ka kauce mata da taku kaɗan sai inji ya yi ta aman farar ƙura har kuɗin mai gida su ƙare. Kano ma a kan irin wannan dutse take, kar wani ya ɗauka mun fi su ne, sai dai mu ruwan samanmu ya kusa ninka nasu kuma ruɓaɓɓen ya fi kauri a wurare da yawa. Shi kansa mulmulewar duwatsun nan aikin ruwa ne, yana bin tsaga yana cin kusurwa-kusurwa tun suna binne, daga baya aka wanke mai laushin aka bar ƙwallayen a waje.

Mushe ya ce ai wannan matsala har da ita a cikin abin da ya raba su da zama babban birni. Nan ne hedikwatar Nijar a zamanin Turawa tun 1911, sai a 1926 aka mayar Yamai bakin kogin Kwara, kuma ƙarancin ruwa na cikin dalilan da ake bayarwa. Ruwan famfon da ake sha yanzu ma ba na cikin gari ba ne, daga nesa ake turo shi ta bututu, daga Gogo da Macaya a kudu, da Arunguza da Ganaram a arewa inda giranit ya nutse dutsen yashi ya hau kansa. Gari kuma kullum ƙaruwa yake, a ja bututu yau gobe an yanka sababbin filaye.

Muna zaune a kan dutsen hazo ya rufe gabas ko hasumiyar masallaci da kyar ake gani, sai ya shiga yi min darasi kamar ina ajinsa, ni kuma na bar shi don abin ya yi daɗin ji. Ya ce ruwan da ke sauka a Damagaram a shekara wajen milimita 400 ne, kusan duka tsakanin Yuni da Satumba, Agusta ce uwar damina. In ka yi kudu wajen Magarya ya fi haka, in ka yi arewa wajen Tanut ya ragu sosai. Asalin ruwan kuma daga tekun Atilantika yake, rana ta dafa teku tururi ya tashi ya bar gishirin a can, iskar damina ta kudu maso yamma ta ɗauko shi ta ratso duk faɗin Najeriya tana zubarwa a hanya, abin da ya rage ne ke isowa nan. Na ce to ya aka yi hadari kullum daga gabas yake taso mana? Ya ce danshin ne ke zuwa daga kudu ta ƙasa-ƙasa, in ya hau sama ya yi sanyi ya zama girgije sai iskar da ke can sama ta tura shi yamma, shi ya sa kake ganin gabas ta yi baƙi. Wanda ya sauko kuma kashi uku yake, wani ya gudu a kan ƙasa, wani ya nutse, mafi yawa ya koma sama ta hanyar rana da ganyen itatuwa. Rana da iskar wannan yanki za su iya shanye ruwa mai zurfin fiye da mita 2 a shekara in an ajiye musu shi a buɗe, alhali abin da ke sauka bai kai rabin mita ba. Wannan lissafin kaɗai ya isa ya gaya maka me ya sa tafki ke ƙafewa kafin bazara.

Har hazon ma ya ce ruwa ne asalinsa. Akasarin ƙurar daga wani kwari take tasowa a arewacin Chadi, Bodele, wanda dubban shekaru da suka wuce ƙasan wani makeken tafki ne da Tafkin Chadin yanzu ɗan ragowarsa ne. Ƙurar kuma da yawanta ɓawon wasu mitsi-mitsin tsirran ruwa ne da suka mutu suka kwanta a ƙasan tafkin. Na ce wato gawar tsirrai muke shaƙa muna tari, ya ce kai dai sa takunkumi.

Da yake ruwa ba ya nutsewa, in an yi mamako sai ya taru a tafkunan cikin gari, wasunsu tsofaffin kududdufan da aka ɗebi ƙasar gini ne, wani lokaci har su yi ambaliya su ci gidaje. Garin da ake kukan ƙishi da rani ana kukan ambaliya da damina, duk dutsen nan ne. Mun tsaya bakin ɗaya da ya ja baya sosai, ruwan ya yi kore, masu bulo na aiki a gefe, balbelu na bin shanu, leda kuwa ba a magana, wannan kam laifinmu ne mu mutane ba na dutse ba. Na tambaye shi ina kwaɗin da ke hana mutane barci da damina suke shiga, don mu muna yara cewa ake ruwan sama ne ke zubo su. Ya ce suna nan ƙarƙashin ƙafarka, sun haƙa sun binne kansu inda da sauran danshi, sun rage numfashi da motsin jiki, ruwan farko na sauka za su fito su yi ƙwai a gurguje don 'ya'yan su samu su yi ƙafa kafin ruwan ya janye. Sauro ma haka yake tsere da lokaci, daga ƙwai zuwa mai fiffike mako ɗaya zuwa biyu ne in da zafi. Kuma wai babban tafki mai kifi da ƙwarin ruwa bai kai ƙananan kwatami da sawun kofato haɗari ba, don a babban akwai masu cinye tsutsar.

Da dare muna hira a tsakar gida na kawo zancen tafki, sai Inna ta ɗage zane kaɗan ta nuna min wani tabo a idon sawunta ta ce ka san wannan? Kurkunu ne. A ƙauyensu ta wajen Mirya ta yi shi tana budurwa, ta ce a lokacin in damina ta faɗi sai ka ga rabin gari a kwance ba mai iya zuwa gona, ana naɗe tsutsa a tsinke kaɗan-kaɗan kullum har ta fita, wata ta kusa mita guda. Mushe ya ce ai shi kurkunu da ƙafarsa ba ya zuwa, wasu 'yan ƙwarin ruwa ne da kyar ido ke ganinsu suke haɗiye 'ya'yansa, mutum ya sha su a ruwan tafki, bayan kusan shekara uwar ta huda fata, zafi ya sa mutum ya tsoma ƙafa a tafki don ya ji sanyi, ita kuma ta saki dubban 'ya'ya a ciki, a sake sabon zagaye. Ba allura ba ƙwaya aka kashe shi da su, ƙyallen tace ruwa ne da rijiyoyi da hana mai ciwon shiga tafki. A 2013 Hukumar Lafiya ta Duniya ta tabbatar Nijar ta rabu da shi. Inna ta ce yaran yanzu in ka ce kurkunu sai su ɗauka tatsuniya ce.

Bayan an kai amarya na matsa wa Mushe sai ya kai ni inda ruwa yake, tunda na ga inda babu. Muka ɗauki hanyar gabas. Mirya kilomita 18 ce kawai amma kamar an canza ƙasa, lambuna ne da kukoki, kukoki kam ban taɓa ganin tarinsu haka ba, a tsaye ba ganye don su tasu dabarar akasin ta gawo ce, su tara ruwa a cikin kututture da damina, rani na yi su zubar da ganye su rufe asara. Furenta fari da dare yake buɗewa kuma jemagu ne ke kai mata barbara daga wata zuwa wata, wanda ya sha kunun kwalba da nono ya gode wa jemage. Ba mu daɗe ba muka wuce.

Gidimuni ce wurin da na so gani, kilomita 60 da ɗoriya daga Damagaram a kan hanyar Gure. Kana tafe cikin tuddan rairayi da ƙarangiya da tumfafiya, ba zato sai ka gangaro ga ruwa shimfiɗe, dabino da goriba sun kewaye shi, lambunan albasa da kabeji da tumatir har bakin ruwa. Tafkin ba ya ƙafewa, kuma babu wani kogi da ke zuba a ciki. Wannan ko Mushe bai buɗe baki ba na gane, don aikina ne. Rairayin nan da kake ganin kamar ba shi da amfani shi ne ma'ajiyar, ruwan sama na sauka yake shanye shi nan take kafin rana ta samu rabonta, ya nutse ya taru, sannan ya riƙa tsiyaya a hankali ta ƙarƙashi zuwa inda ƙasa ta fi kwari. Tafkin fuskar ruwan ƙasa ce kawai da ta fito fili. Ruwan saman da ke sauka nan da na cikin Damagaram kusan ɗaya ne, abin da ke ƙasa ne ya raba su. A 2019 aka sa tafkin cikin jerin dausayoyi masu muhimmanci na duniya ƙarƙashin yarjejeniyar Ramsar, wadda aka ƙulla a ƙasar Iran a 1971.

Mun samu wani masunci yana gyaran koma muka gaisa, ya nuna mana abin da ya kamo, karfasa da tarwaɗa. Mushe ya ɗebo ruwan a tafin hannu ya ce ka ga ɗan koren nan, shi ne gonar tafkin, gansakuka da ƙananan tsirran da ke shawagi, su ke kama hasken rana su yi abinci, ƙwari da karfasa su ci su, tarwaɗa da zalɓe su ci ƙananan kifi, mu mu ci tarwaɗa, abin da ya mutu kuma ya nutse bakteriya su ruɓar da shi ya koma taki ga koren. Su ne kuma ke sakin iskar oksijin a cikin ruwa da rana wadda kifi ke shaƙa. Sai masuncin ya ce to malam me ya sa wani lokaci da asuba a ƙananan tafkuna sai ka ga karfasa ta taso sama tana haki har ta mutu, tarwaɗa kuwa ko a jikinta? Mushe ya ce da dare ba rana, tsirran sun daina bayarwa sun koma suna shaƙa su ma, in koren ya yi yawa kafin gari ya waye iskar ta ƙare, ita kuwa tarwaɗa tana da wata gaɓa a kanta da take shaƙar iskar sama kai tsaye. Masuncin ya gyaɗa kai ya ce shi ya sa take kwana a kwando da ranta.

Amma gwanar ita ce gaiwa. Masuncin ya ce a tafkunan da ke ƙafewa, in ruwa ya fara janyewa sai ta nutsa cikin laka ta naɗe, ta fitar da yauƙi ya bushe ya zame mata kwanso, ta bar 'yar ƙofa ta wajen baki. Huhu gare ta na gaske, a haka za ta kwanta wata da watanni ƙasa ta tsage a kanta, ba ci ba sha, naman jikinta take ci a hankali har ruwa ya dawo. Masu nemanta da fartanya suke zuwa ba da ƙugiya ba. Ni dai ban cika son namanta ba amma na girmama ta.

Tsuntsaye kuwa ga su nan birjik, kirinjijiya da zalɓe da balbela, da wasu ƙananan agwagi da masu dogayen ƙafafu da Mushe ya ce baƙi ne daga Turai, sanyin can suke gudu su ƙetare Bahar Rum da Sahara su yi hunturu a irin waɗannan tafkuna. Shamuwa ce kawai ba ta nan, ita ta yi kudancin Afirka, sai gab da damina ta dawo. Na so in cire takalmi in ɗan taka ruwan ya riƙe ni ya ce kai Bakano ba ka da hankali, irin wannan ruwa mai ciyayi shi ƙananan katantanwa ke so, kuma a jikinsu tsutsar tsargiya ke girma, ta fata take shiga ba sai ka sha ba. Na mai da takalmina.

Inda muka yi gardama shi ne kan kacala, doguwar ciyawar nan da ke fitowa a bakin ruwa. Ta cinye gefen tafkin sosai, masuncin kamar ya yi kuka, ya ce ta toshe musu wuraren jefa koma, tana shan ruwa, ga tsuntsayen jan baki na kwana a ciki su fita su ci gero. Mushe ya ce duk gaskiya ne amma 'ya'yan kifi a cikinta suke ɓuya, kuma tana tare laka. Ni a ganina masuncin ya fi shi hujja, abin da ya yi yawa har ya hana sauran halittu wuri ya zama ɓarna, a yanke ta a yi asabari da rufin ɗaki a bar kaɗan. Wani abin da na lura da shi kuma farin ɓawon da ke kan ƙasa a inda ruwa ya ja baya, na ɗanɗana na ji kanwa-kanwa. Ruwan ƙasa na tafe da gishirin da ya narko daga duwatsu, rana ta ɗauke ruwan ta bar gishirin, shekara da shekaru yana taruwa. Mai kanwa riba ce gare shi, mai lambu kuwa in ya yi ta ban ruwa kaɗan-kaɗan ba ya wanke ƙasar wata rana albasa za ta ƙi. Ga rairayi kuma na gangarowa daga tuddan da aka sare wa itatuwa, mun ga inda aka kakkafa shingen kara da kaba don tsayar da shi.

Daren da zan taho Kawu ya kira ni ɗakinsa ya ce to ɗana, tunda Allah ya kawo ka kuma aikinka ne, nawa za ka haƙa min burtsatse a gidan nan in huta da 'yan garuwa? Na ce Kawu ba zan ɓoye maka ba, kar ka ba kowa ko dala sai an zo da na'ura an auna ƙasar an ga alamar tsaga, kuma ko an gani ba tabbas ba ne. In ma an samu, ruwan da ke sama-sama a tsakiyar gari ga masai ko'ina, sai an kai shi an gwada kafin a sha. Na ce amma ga wani lissafi, rufin kwanon gidan nan zai yi mita 10 sau 10. Milimita ɗaya na ruwan sama lita ɗaya ce a kan kowace murabba'in mita, wato a damina mai milimita 400 lita 40,000 ke sauka a kan rufinka tana bin indararo tana fita titi. Cire kashi ɗaya cikin biyar na asara da ruwan farko mai datti da za a zubar, saura 32,000, jarka 1,280 ke nan mai lita 25. Kawu ya gyara zama ya ce sake faɗa. Na sake. Na ce ba wai za ka iya ajiye shi duka ba, wannan sai tanki mai girman ɗaki, amma ko na lita 10,000 ka gina a ƙasa ka shafe shi da siminti ka rufe shi ruf don sauro da rana, ka cika shi a Satumba ka kulle, gida mai mutum 10 kowa na amfani da lita 20 zai kai ku kwana 50, ka ajiye shi sai Afirilu lokacin da jarka ke tsada.

Mushe na gefe yana danna waya wai yana duba ko na yi coge a lissafin, ya ɗago ya ce daidai ne, abin mamaki daga Bakano. Kawu ya ce to haƙa ramin tankin fa, ba dutsen za a tarar ba? Na ce in an tarar sai a yi rabi a ƙasa rabi a sama. Ya ce in rubuta masa buhun siminti nawa da rodi nawa da yashi, a sefa ba a naira ba, zai nuna wa magininsa bayan ya gama biyan bashin biki.